Ƙusar Kawu Gariba

Shekara tara kawuna Gariba ya yi a Fotugal.
Bai dawo da mota ba, bai aza bulo ko ɗaya ba.
Kasko ya kawo mai baƙin gindi,
da 'yar guduma ta bugun nama,
da tarin da ke taso masa in hadari ya haɗu.

Aboabo ta yi dariya har Asawase ta jiyo.
Aka ce ya je rijiya ya dawo da guga babu ruwa.
Bai tanka ba.
Ya kafa tebur kusa da mai shayi, bayan isha'i,
ya ce mini, "Mumuni, riƙe fitila."

Naman sa yake yankawa, siriri kamar ganyen ayaba,
ya shimfiɗa, ya jera tafarnuwa a kai,
ya bi ta da guduma, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
har ta nutse cikin tsoka.
"Ka ga yadda kafinta ke yi?
To sunan abin ke nan a bakinsu: ƙusa."
Mai ya yi ƙara, ya tsaga burodi,
ya kifa shi cikin kasko ya sha romo,
ya miƙa wa direban tasi yana turiri.

In ciniki ya lafa sai labari ya tashi.
"Yana da wa, bifana, na alade,
shi ne mai gari a ƙasar.
Hancina ya san shi, harshena bai sani ba.
A Lisbon yanka guda ne faffaɗa,
su shafa masa wani abu rawaya mai hawa hanci.
A Porto gutsi-gutsi suke yi,
ya wuni yana iyo cikin miya mai yaji,
ka ci, ta bi hannunka har gwiwa.
Can kudu kuma, wani gari a bakin hanya
inda manyan motoci ke hutawa,
bugu suke har ka hangi rana ta cikin naman.
Kowa ya dafa ƙirji nasa ne na asali,
kamar mu da 'yan Nima a kan wake da shinkafa."

Akwai jan zare a mariƙin kaskon.
Na daɗe ina kallo kafin na tambaya.
Ya rage wuta tukuna.
"Tsohuwar da na yi wa wanke-wanke, Odete.
Ta lura da rana ina cin burodi gaya,
ba ta ce komai ba, ta fita kasuwa.
Ta dawo da wannan, ta ɗaura zaren da haƙorinta,
ta ce wa ɗanta, alade bai shiga nan, giya ba ta shiga,
wanda ya taɓa, hannunsa.
Ran da aka rufe shagon, ƙafafunta sun kumbura,
a zaune ta miƙo mini shi."

Mutanenmu kuwa, ka san su.
Wannan ya ce ina shito, wancan ya ce sa albasa,
wani yaro ya zo da burodin suga daga gida.
Kawu yana girgiza kai: "Ba haka ake yi ba."
Sai ran da Hajiya Lariba ta kwance bakin zane,
ta fito da ƙullin yajin tsire,
ta barbaɗa a gabansa ba ta nemi izini ba.
Ta gutsura ta ba shi. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa.
Ya ce, "Lisbon, Porto, kudu.
To, an yi na huɗu."

Yanzu layi har bakin masallaci.
Masu dariyar jiya su ke neman bashi.

In dare ya raba, kan titin Kumasi ya yi tsit,
yakan rage yanka ɗaya, ya yi shi babu yaji,
tafarnuwa da gishiri kawai,
ya ci a tsaye, bai magana da kowa.
Ni nake kwashe kujeru.
Kaskon shi yake gogewa da kansa,
yana kauce wa zaren,
wanda hayaƙi ya riga ya mayar baƙi.